Tsinken gwajin sakin ƙwai da gwajin homon a leb: abin da na gani a Kaduna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda aka ga ina yawo da 'yar jakar tsinken nan ake ta tambayata wai yana aiki kuwa ko dai asarar kuɗi ne, wasu ta WhatsApp, wasu a gidan biki, har da masu aiko ƙannensu su tambaya musu saboda kunya, to bari in amsa gaba ɗaya in huta. Yana aiki. A kuɗinsa ma ni dai ban ga abin da ya kama ƙafarsa ba, in maki ne zan ba shi 4 cikin 5, amma fa abu ɗaya tak yake faɗa miki, in kika ɗora masa abin da ba aikinsa ba ke za ki wahala. Leb ɗin da nake kai jini kuma 3 cikin 5 ne da ƙyar, zan zo kansa.

Ni ɗalibar mastas ce ɓangaren fisiyoloji, furojet ɗina a kan yadda homon ɗin mace, wato sinadaran da jiki ke sakewa cikin jini suna sarrafa al'ada da haihuwa, yake hawa da sauka a cikin wata ne, da yadda hakan yake taɓa sha'awarta da yanayin zuciyarta da yadda take jin mijinta. Matan aure ne suke taimaka min, daga Tudun Wada, Badarawa, Unguwar Rimi har Rigasa, kowacce da yardarta ta sa hannu a takarda kuma babu sunan kowa a littafina sai lamba. Saboda haka ba tsinke ɗaya biyu na saya ba, kwali-kwali nake ɗauka a wani babban kemis da ke wajen Ahmadu Bello Way, na ga mai kyau na ga na banza.

Shi dai tsinken in kika gan shi ba za ki bambanta shi da na gwajin ciki ba, siriri ne, kowanne a 'yar ledarsa mai ƙyalli a manne, da 'yar jakar nan mai ƙwayoyi da ke tsotse danshi. A jikinsa an rubuta LH, sunan homon ɗin da yake aunawa, wanda yake sa ƙwai ya fito, akwai kibiya da ke nuna ɓangaren da za a tsoma, akwai kuma layin da aka ce kada fitsari ya wuce shi. Za ki tara fitsari a ƙaramin mazubi mai tsabta wanda ya bushe, ki tsoma na 'yan daƙiƙu yadda takardar ciki ta ce, ki ciro ki kwantar da shi a kan abu shafaffe, sai ki ga jan ruwa yana hawa a hankali yana bin jikinsa, minti 5 zuwa 10 ki karanta. Bayan nan kuma ko me ya nuna ba shi da amfani, kar ki dawo bayan la'asar ki ɗauko na safe ki ce ai layin ya ƙara duhu.

Wajen karantawar ne mata da yawa suke faɗawa rami. A gwajin ciki ko layi na biyu ya fito dishi-dishi an ce akwai ciki, to nan ba haka ba ne sam. LH kusan kullum akwai shi kaɗan a jikin mace, don haka layi biyu za ki yi ta gani kwana da kwanaki, ba komai yake nufi ba. Sai ranar da layin gwajin ya yi duhu daidai da ɗan uwansa na sama ko ya fi shi, ranar ce. Wata baiwar Allah ta kira ni da murnarta wai Anti kullum nawa biyu yake fitowa ashe ni kullum a shirye nake, da ta turo hoto na ga duk farare ne fes, na ce Maman Amira ki ci gaba da gwadawa tukuna. Kuma ban ga laifinta ba, takardar cikin kwalin da Turanci take, rubutun ƙanana ƙwarai sai ka kai fuska, babu wanda ya yi tunanin ya sa ko layi biyu na Hausa ko hoto babba. Mazubin fitsarin ma ba sa sakawa a yawancin kwalayen, ni murfin roba na yar-da-an-gama nake saya a Kasuwar Barci in raba musu.

Yadda abin yake a jiki kuwa, ƙwai yana girma a cikin 'yar jakarsa a ma'ajiyar ƙwai, jakar tana fitar da homon ɗin istirojin, in ya taru ya kai wani mataki sai wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, fituwitari, ta sako LH da yawa lokaci guda, bayan awa 24 zuwa 36 ƙwai ya fito. Yawancin tsinken nan an saita su su kama LH in ya kai 25 mIU/mL. Shi ƙwan kuma in ya fito awa 12 zuwa 24 kawai yake yi, amma maniyyi yana iya kaiwa kwana 5 a jikin mace yana jira. Shi ya sa binciken da Allen Wilcox da abokan aikinsa suka fitar a 1995 a Amurka, da mata 221, ya nuna kwanakin ɗaukar ciki 6 ne, kwana 5 kafin fitar ƙwai da ita ranar kanta. To kun ga kenan ranar da tsinke ya yi duhu wasu daga cikin kwanakin sun riga sun wuce, abin da ya rage miki yau ne da gobe. Mai neman haihuwa wannan ya ishe ta don kwanakin da suka rage ɗin masu ƙarfi ne. Amma mai son ta yi tazara da shi, don Allah 'yar uwa kar ki fara, kafin ya gargaɗe ki aikin gama ya gama.

Wata za ta ce to me ya haɗa ɗalibar jami'a da tsinken matan da ke neman haihuwa. Labarin yana da ɗan tsawo amma shi ne ya sa nake ganin girman wannan ɗan abin.

Akwai wani fanni na ilimin halayyar ɗan Adam da ke ƙoƙarin bayyana ɗabi'unmu, musamman zaɓen abokin zama, ta hanyar abin da aka gada tun kaka da kakanni. A nan David Buss ya yi suna da bincikensa na 1989, al'ummomi 37, mutum sama da 10,000, har da Najeriya a ciki, yana tambayar me maza da mata suke nema a wanda za su aura. Daga baya aka shigo da homon cikin maganar. A 1995 Claus Wedekind a birnin Bern na Suwizalan ya ba maza 44 riguna suka kwana biyu da su babu turare babu sabulu mai ƙamshi, ya kawo mata 49 suna shinshinawa, eh wallahi haka aka yi, ya ce matan sun fi son warin mazan da ƙwayoyin halittar garkuwar jikinsu suka bambanta da nasu, masu shan ƙwayar tazara kuma abin ya juye. A 1998 Steven Gangestad da Randy Thornhill a jami'ar New Mexico suka yi nasu na rigunan suka ce mace in tana dab da sakin ƙwai ta fi son warin namijin da ɓarin jikinsa na dama da na hagu suka yi daidai. A 1999 Ian Penton-Voak da abokan aikinsa suka buga a mujallar Nature cewa a kwanakin nan mata sun fi karkata ga fuska mai tsananin kamannin maza, faffaɗan muƙamuƙi da sauransu. Daga nan aka gina babban zance, wai mace tana da zaɓi biyu a jikinta, kwanakin ɗaukar ciki idonta na kan ƙaƙƙarfan namiji mai kyan iri, sauran kwanaki kuma mai tausayi mai cefane take so. Jaridun Turai da Amurka suka ɗauka suka yi ta yayatawa shekara da shekaru, ɗaliban digiri na biyu da na uku suka yi ta cin abinci da shi.

Ranar da na fara bayanin wannan a gida yayata ta ce wannan ai zagin mata ne aka sa masa rigar ilimi. Ni ma bai yi min daɗin ji ba, amma a makaranta ba a kayar da magana da cewa ba ta yi min daɗi ba, sai ka nuna inda lissafin ya karkace. Kuma ya karkace ɗin, a wajen da ba a zata ba, wato ta yaya suka san matar tana kwanakin ɗaukar ciki? Yawancin binciken farko-farkon nan ba su gwada komai ba. Tambayar mace suke yi yaushe kika ga al'adarki, sai su ƙirga kwanaki a ɗauka kowa 28 take yi kuma ƙwai ranar 14 yake fita, wani ya ƙirgo daga gaba wani daga baya, wani ya ce kwanakin 6 ne wani ya faɗaɗa su, ga matan ba su da yawa, mafi yawa ɗaliban jami'a ne, sau da yawa ma ba mace ɗaya ake bi a ga yadda ta canza ba, wannan ake kwatantawa da waccan. In kana da 'yancin matsar da kwanaki yadda kake so ai ko me kake nema za ka samu.

A 2014 aka yi abin dariya, tawaga biyu suka tattara binciken da aka yi a kan maganar suka auna, Kelly Gildersleeve da Martie Haselton suka ce tabbas akwai canjin, Wendy Wood da nata mutanen suka ce babu wata hujja mai ƙarfi, shekara ɗaya, kusan tarin takardu iri ɗaya. Sai da aka koma aka yi aikin da kyau. A 2018 Benedict Jones a jami'ar Glasgow ya bi mata 584 yana auna homon ɗinsu a yawu sau da yawa yana nuna musu fuskoki, bai ga son fuskar nan yana bin homon ba. A shekarar dai Julia Jünger da abokan aikinta a Göttingen ta Jamus suka bi mata 157, su da irin wannan tsinken na LH suka tabbatar da ranar, abin da suka samu shi ne a kwanakin ɗaukar ciki mata sun ɗan fi ganin kyan jikin maza gaba ɗaya, ba wai wani nau'i na musamman ba. Ruben Arslan shi ma a can ya tattara rubutun kullum-kullum sama da 26,000 daga mata sama da 1,000, ya ga sha'awa tana ɗan ƙaruwa a tsakiyar wata ga waɗanda ba sa shan ƙwayar tazara, amma zancen cewa wai ya danganta da ko mijin kyakkyawa ne ko a'a bai tsaya da ƙafarsa ba. Tun 2013 ma James Roney da Zachary Simmons a Santa Barbara sun nuna istiradiyol, wato babban nau'in istirojin, yana tafiya da ƙaruwar sha'awa, furojestiron kuma in ya hau bayan fitar ƙwai sai ta ja baya.

To abin da ya tsira daga duk hayaniyar nan ɗan kaɗan ne kuma ba abin kunya ba ne, sha'awar mace tana ɗan motsawa da wata, shi kenan. Babban labarin nan na mace mai zuciya biyu kuwa da aka zo da awo na gaskiya sai ya yi ta raguwa. Har yanzu akwai masu kare shi, ana ta musu a mujallu, amma yau in ɗalibi ya kawo ƙirgen kwanaki zalla da mata 'yan kaɗan ya ce ya gano wani abu, tambayoyi zai sha. Shi ya sa sufabaiza ɗina tun ranar farko ya ce ke in ba za ki tabbatar da ranar ba kar ma ki ɓata min lokaci.

Wani abin sha'awa a nan wajenmu, matanmu sun fi matan can sanin kwanakinsu nesa ba kusa ba, saboda sallah da azumi. Ki tambayi mace yaushe kika ga jini yaushe kika yi wanka, za ta gaya miki har da cewa tsakanin azahar da la'asar ne, wata ma ta tuna na watan azumin bara don ta san bashin da ta rama. Wannan ni'ima ce ga mai bincike. Sai dai sanin ranar jini daban, sanin ranar ƙwai daban. Wani bincike da aka buga a 2019 da ya duba zagayowar al'ada sama da 600,000 daga wata manhajar waya ya samu kashi 13 cikin 100 ne kawai suke yin kwana 28 cif, kuma a matsakaici ƙwai wajen rana ta 17 yake fita ba 14 ba. Ni ma da idona na ga masu cewa nasu ba ya saɓawa amma tsinke ya yi duhu nesa da inda manhajar wayarsu ta zana musu fure. Irin wannan manhajar tasu ƙirge kawai take yi, ba ta taɓa ganin jikinki ba. Sakamakon furojet ɗina kuma kar a tambaye ni, sai bayan difens, wato na kare aikin a gaban malamai, in Allah ya kai mu.

Mafi wahalar aikin ma ba tsinken ba ne, samun matan ne. Ina neman wadda ba ta da ciki, ba ta shayarwa, ba ta allura ko ƙwaya ko ashanar hannu, sai ki zaga gida biyar ba ki samu ɗaya ba. Da farko abin ya dame ni sai na tuna aikin Beverly Strassmann a cikin Dogon na ƙasar Mali, inda ta lissafa macen can takan ga al'ada wajen sau 100 a duk rayuwarta saboda ciki da shayarwa, ta Amurka kuwa wajen sau 400. Wato ita ɗalibar jami'ar da aka gina duk bayanin a kanta, mai ganin al'ada kowane wata shekara da shekaru, ita ce baƙuwa a tarihin ɗan Adam, ba kakanninmu ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi taka-tsantsan da duk wanda ya ce ya gano halin mata na asali daga aji ɗaya a Turai.

Mu dawo kan kaya. Babban abokin gabar tsinken nan a Kaduna zafi ne da danshi. A jikin kwali za ki ga an ce a ajiye ƙasa da digiri 30, mu kuwa a Maris da Afrilu mun san yadda gari yake, ya wuce 35 ba wasa. Na taɓa karɓar wani kwali a wani ƙaramin shago da aka jera kaya a gilashi rana na dukansu, kwanan watansa bai ƙare ba amma wasu ko layin sama ba sa fitarwa, wasu kuma jan ya watse ya ɓata jikin gaba ɗaya. Duk wanda layin sama bai fito ba matacce ne, a jefar. Kemis ɗin da nake saya yanzu akwai AC, a ciki suke ajiyewa, kuma yarinyar da ke kanta ba ta ɗaga murya ko ta yi miki kallon nan, ta sa a baƙar leda ta miƙo, wannan kaɗai ya sa nake komawa. Ki duba ranar ƙarewa a kwali da kuma a jikin 'yar ledar, ki ga sun yi daidai, ki matsa ledar ki ji ba ta huje ba, da damina kuma kar ki yage sai kin tashi tsomawa. Kar a ajiye a banɗaki ko saman firij ko cikin mota. Farashi ba zan faɗa ba don kafin ki karanta ya canza, amma na kwali ya fi na ɗai-ɗai sauƙi sosai, kuma za ki buƙaci da yawa, wata ɗaya zai iya cin 7 zuwa 10, mai doguwar al'ada fiye da haka. Akwai na batir irin Clearblue mai nuna fuskar murmushi, ya raba ki da gardamar wane layi ya fi duhu, sai dai kuɗinsa ba na ɗalibi ba ne.

Lokacin gwaji, yawancin takardun suna cewa ba fitsarin farko na asuba ba, daga hantsi zuwa dare, kuma a rage shan ruwa wajen awa 2 kafin nan don kar ya tsinke. Ni na ce wa nawa su riƙe bayan azahar, lokaci ɗaya kullum, kuma a karanta a hasken rana bakin taga, don fitilar waya da ƙwan sola mai shuɗi-shuɗin nan suna ruɗa ido. Mai kwana 28 ta fara wajen rana ta 10 ko 11, ana ƙirgawa daga ranar farko ta jini. Wasu hawan LH ɗinsu gajere ne, yana iya zuwa ya wuce tsakanin gwajin jiya da na yau, irinsu in layi ya fara kauri sai a koma sau biyu a rana.

Akwai kuma waɗanda zai yi musu ƙarya ba da laifinsa ba. Mai PCOS, wato matsalar nan ta ma'ajiyar ƙwai da ke hargitsa al'ada da sakin ƙwai, sau da yawa LH ɗinta a sama yake zaune, sai ta yi ta ganin duhu ba ƙwai. Mai ƙaramin ciki ma zai iya yi mata duhu saboda homon ɗin ciki, hCG, ya yi kama da LH a ƙira. Wadda ta kusa daina al'ada haka, mai shan maganin sa ƙwai na asibiti kuma ta tambayi likitanta yaushe za ta fara. Ko a mace lafiyayya ma tsinke hadari yake nuna miki, hadari kuwa yana haɗuwa baƙi ƙirin ya watse ba a yi ruwa ba, in kina son ki ga ƙasa ta jiƙe sai gwajin furojestiron a jini. Nan ne leb ya shigo.

Leb ɗin mai zaman kansa ne a tsakiyar gari, ba zan kama suna ba. Abin yabo tukuna, wajen tsaf yake, a gabanki ake yage sabuwar allura, in kin ce mace kike so ta ɗebi jininki za a kira miki, suna da sola don haka firij ɗinsu ba ya jiran a kawo wuta, sakamako kuma har waya suke turowa. Mai ɗibar jinin hannunta da sauƙi, ko masu ɓoyayyen jijiya sau ɗaya take samu.

Abin da ya ɓata min rai shi ne yadda suke sayar da abin da suke kira homonal furofayil. Mace za ta shigo ta ce an ce in yi gwajin homon, a karɓi kuɗi masu nauyi a ɗebi jini nan take, FSH, LH, furolaktin, istiradiyol, furojestiron, testostiron duk a kwalba ɗaya rana ɗaya, babu mai tambayarta yau kwana nawa da fara al'adarki. Alhali FSH da LH da istiradiyol a rana ta 2 zuwa 5 ake son su, furojestiron kuma sai saura kwana 7 al'ada ta gaba ta zo. Gwajin rana ta 21 da ake ta faɗa na mai kwana 28 ne, mai kwana 35 nata rana ta 28 ne, in aka ɗiba a 21 za a ga ƙasa a ce ba ta sakin ƙwai alhali lokacin ne bai yi ba. Kun ga inda tsinke yake ceton kuɗi, ranar da ya yi duhu ki ƙirga mako ɗaya ki je. Furolaktin, homon ɗin da ke kawo ruwan nono, shi kuma tashin hankali da shayarwa da wasu magunguna suna ɗaga shi, mace ta sha rana a Napep daga Rigasa ga tsoron allura, in ya ɗan hau kaɗan maimaitawa ake yi kafin a yanke hukunci. Na yi wa na kan kanta magana cikin ladabi na ce Malam da kuna tambayarsu ranar ai da ya fi, ya ce Hajiya mu abin da aka rubuto muke yi. Gaskiyarsa ta wani ɓangaren, amma da yawa ba likita ne ya rubuto musu ba, mai maganin mata ce a Instagram ta ce musu homon ɗinsu ya rikice.

Takardar sakamakon ma sai an nutsu. Furojestiron wani leb da ng/mL yake rubutawa wani da nmol/L, 1 na farkon daidai yake da wajen 3.18 na biyun, sai mace ta ɗauki nata 10 ta kwatanta da na ƙawarta 30 ta shiga kuka alhali kusan abu ɗaya ne. Ga jerin ma'auni uku a gefe na farkon wata da tsakiya da ƙarshe, ba a nuna mata wanne ne nata ba. Sannan ba kullum suke kunna injin ba, sai sun tara samfuri, an ce miki gobe ya zama jibi ko gata. Ni da nake binsu da yawa na saba, amma wadda ta ƙirga kwana za ta koma wajen likita abin da ciwo. Sai kuma kiran suna da ƙarfi a falon jira haɗe da sunan gwajin, haba, mace ta zo a ɓoye ko uwar mijinta ba ta sani ba.

Maza ma suna zuwa, yawanci testostiron, babban homon ɗin maza, kuma nan ma na ga ana ɗibar na wani da yamma liƙis. Shi da safe yake sama ya yi ta sauka zuwa dare, don haka kafin ƙarfe 10 ake so, in ya fito ƙasa a sake wata safiyar kafin a ce akwai matsala. Kuma saukarsa ba kullum ciwo ba ne. Lee Gettler da abokan aikinsa sun bi samari 624 a Cebu ta ƙasar Filifin, suka buga a 2011, waɗanda nasu yake sama tun farko sun fi samun mata da haihuwa, amma da suka zama iyaye sai ya sauka da wajen kashi 26 da safe, 34 da yamma, mafi sauka kuma masu ɗaukar awanni suna rainon yaran. A Tanzaniya an ga haka a mazan Hadza masu zama da 'ya'yansu, ba a gani ba a makiyayan Datoga da raino ba aikinsu ba ne. Peter Gray a 2003 a tsibirin Lamu na Kenya ya samu masu mata biyu nasu ya fi na masu mace ɗaya, a 2009 ma an ga irin haka a ƙauyukan Senegal a mazan da ba su kai 50 ba. Na san yanzu wani zai ɗauki hoton wannan layin ya tura wa uwargida a matsayin hujja, to Alhaji a yi haƙuri, binciken bai ce wanne ya jawo wanne ba, kuma bai ce homon yana biyan kuɗin makaranta ba. Ni abin da yake ba ni haushi shi ne ga mu nan Arewa da gidaje masu mata biyu, uku, huɗu, ga tambayoyi a zube, amma sai mu jira wani ya taso daga Amurka ya yi mana.

Wadda take neman haihuwa, in shekara ta zagayo ana tare ba labari, ko wata 6 in ta haura 35, ta ajiye tsinke ta ga likitan mata, ta tafi da littafin da take manna su a ciki da kwanan wata a gefe don yana taimaka wa likita ƙwarai. Kuma a tafi da maigida, a kusan rabin irin wannan matsalar akwai hannun ɓangaren namiji, gwajinsa kuma ya fi nata sauƙi da araha. Leb ɗin nan suna yi, ana son ya ƙaurace kwana 2 zuwa 7 kafin nan, samfurin kuma ya isa hannunsu cikin awa ɗaya, don haka in daga Kawo ko Mando za a taso da safe a lissafa da go-sulo.